Kada a Jira Fatarmu Ta Yi Ja

Zuwa ga Malama Shugabar Asibitin Koyarwa,
Kwalejin da na karanta likitancin gargajiya na Sin,
Kuala Lumpur.

Malama, ina gaishe ki gaisuwar ɗaliba ga malamarta, da fatan kina lafiya, ke da iyali da sauran malamanmu. Ni ce Rifkatu, 'yar Najeriyar nan da ta kammala bana, wadda kike tsokana da cewa ba ta barin majinyaci ya tashi sai ta ƙirga alluran da ta zare ta sake ƙirgawa. Har yanzu ban daina ba.

Na rubuta a fili, kuma da Hausa, domin maganar ta riga ta zaga cikin mutanenmu 'yan Najeriya na unguwannin Sentul da Wangsa Maju, kowa da yadda yake ba da ita. Ina so su ji ta daidai yadda ta faru. Ta Turancin zan kawo miki da hannuna, kada ki fara ji a bakin wani.

Na farko, abin da ya same ni. A shekarata ta biyu aka koya mana gashi da moksa, busasshen ganyen nan da ake naɗewa kamar sigari, a kunna, a riƙe kusa da fata ba tare da ya taɓa ta ba. Littafinmu ya ce a yi ta gasawa har sai wurin ya yi ja. Muna gwadawa a jikin juna, abokiyar karatuna ta riƙe shi a kan damtsena na hagu tana jiran ja. Na ce mata da zafi. Ta janye, ta duba, ba ta ga komai ba, ta sake matsowa. Washegari wurin ya ɗuri ruwa. Ke da kanki kika wanke min, kika shafa man ƙunar da kika haɗa, har kika sa aka yo min tapau, wato ƙunshin abincin sayarwa, don kada in fita cikin rana. Kika ce za a duba yadda ake koyar da darasin. Na san da zuciya ɗaya kika faɗa. Amma yadda aka koya mana, haka aka koya wa na bayanmu.

Na biyu, Mama Saratu. Dattijuwa ce daga Filato, tana zaune wurin ɗanta a Sentul tana renon jikoki. Ciwon gwiwa ya hana ta sakat. Ni na lallashe ta, ni nake ɗauko ta zuwa asibitinmu. Allurar Sinawa da ake tsira mata a gwiwa ta karɓe ta, har ta fara hawa benen coci ba tare da an riƙe ta ba. A zuwanta na ƙarshe aka ba wani ɗalibin ajin ƙarshe ya gasa mata gwiwar dama, malamin da ke lura da su yana gadon gaba da wani majinyaci. Ni ina bayan labule, tunda yanzu ni 'yar rakiya ce kawai. Ina jin ɗalibin yana tambayarta ko da zafi, ita kuma tana amsa masa da boleh, boleh, wato babu damuwa. Da na ga gashin ya daɗe, na nemi izini na shiga, na ɗora bayan hannuna a wurin. Ya yi zafi ƙwarai, ya ƙara duhu, yana sheƙi. Na roƙe shi ya tsaya, ya tsaya nan take. Wurin ya riga ya ƙone, amma ƙunar ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, kuma yanzu ta fara bushewa. Mama ba ta da ciwon suga. Da tana da shi, da wata maganar muke yi yanzu.

Na uku, ɗalibin nan ba shi da laifi, ina roƙo kada a hukunta shi. Ya duba, ya tambaya, ya bi littafi sau da ƙafa. Abu biyu ne ba a koya masa ba. Baƙar fata ba ta nuna ja yadda littafin yake nufi. Sannan manyanmu ba sa cewa da zafi. A hanyarmu ta komawa Mama ta yi min faɗa: "Ke 'yata, in wanzamin garinmu ya kafa ƙaho, wa yake motsi? Magani in bai yi zafi ba ai bai shiga ba. Kuma ɗan mutane yana ƙoƙarinsa, in kunyata shi gaban malaminsa?" Malama, mai irin wannan tunani, duk tambayar da aka yi mata, boleh za ta ce.

Ba mu kaɗai ba ne. Indiyawan ƙasar nan da suke cika layin asibitinmu, da yawansu fatarsu kusan irin tawa ce.

Ga roƙona. A daina koyar da ja shi kaɗai a matsayin alamar tsayawa. A koya wa ɗalibi ya riƙa ajiye yatsunsa biyu a gefen wurin da yake gasawa, ya ji zafin da kansa, kamar yadda na sha ganin kina yi, ya kuma lura da sheƙi da ƙarin duhu. A darasin duba launin fuska, a nuna musu cikin fatar ido, leɓe da tafin hannu. In hotuna ne babu, ga ni. Zan zo aji duk ranar da kika sa, su ga yadda fatata take kafin gashi da bayansa. Tabon damtsena yana nan, a fara darasin da shi.

Ɗan Mama Saratu ya ce ba za ta sake zuwa ba. Ita kuwa tana so ta dawo, don gwiwar ta fara tashinta da asuba. Na roƙe shi ya dakata har in ji daga gare ki, domin na gaya masa malamar da ta wanke min ciwo da hannunta ba za ta yi shiru ba. Ya yarda zai jira.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a hannunki da hannun duk wanda kika koyar.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Rifkatu