Ni da Bur Sudan Har Abada

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa daga unguwar Sharafiyya a nan Jidda. Ina fata kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna?

Jirgin ruwanmu ya yini a Bur Sudan kafin Jidda. Na sauka da daddawar da Inna ta ba ni in kai wa autanmu Habu da ke zaune can. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Larabci. Ina ji ya ce wa surukinsa, "Wata Takruniyya ce, wankau take nema." Haka suke kiran baƙuwa daga ƙasashenmu. Ni da na goya shi!

Halas, shi ke nan. Ko jirgi ya sake tsayawa can, ba zan sauka ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Ki ce wa Inna Habu yana lafiya. Daddawar tana wurina, na kasa sa ta a miya.

Ƙanwarki,
Rabi