Wayar da Na Buga Miki Ranar Rasuwar Sadisu

Daga Riyad, zuwa ga Yaya Asabe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya kuma haƙurin rashin Sadisu? Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Yaya, kunya ce ta hana ni sake kiranki, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar ina tsakiyar koya wa yara karatu a nan unguwar Gubaira, sai Habu direba, ɗan garinmu, ya leƙo ya ce maciji ya sari Sadisu a gona, an wuce da shi asibiti, ya cika. Ban tambaya ko kin ji ba. Na fito da sauri na buga miki, na ce, "Yaya, ya haƙuri?" Kika yi dariya kika ce, "Haƙurin me, Malam ƙarami? Na rashin tsarabarka?" Bakina ya kasa tsayawa, na faɗa.

Ashe su Kawu suna hanya. Sun shirya su tara miki mata, su zaunar da ke, su fara da cewa jikin ya yi tsanani. Ni na sa kika ji mutuwar ɗanki ke kaɗai a gindin murhu, babu mai riƙe ki.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna da su Kawu. In kin huce, ki sa 'yarki Hadiza ta kira ni ta miƙa miki wayar. Zan ɗauka in yi shiru, ke za ki fara magana.

Ƙaninki,
Lawal