Keken Baba a Dutsen Kakau

Sabon Tasha, Kaduna
9 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga Yayana Albert,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfi. Mu nan lafiya lau, Mama ma ƙafar tata da sauƙi.

Ka ce in raba Baba da kekensa tunda idonsa ya yi rauni. Ka san halinsa, ko zancen bai bari na gama ba. Shi ya sa ran Asabar na ari keken maƙwabcinmu Wilson, na bi shi gonarsa da ke kan dutsen bayan Kakau, in gani da idona. Yaya, gani ya kori ji. Hanyar duk tsakuwa ce da kwazazzabai, ni ina haki ina tura nawa, tsohon nan kuwa yana kauce wa kowane rami kamar tsakar gidansa.

Muna tsakiyar hawa sarƙar kekensa ta tsinke. Na ce mu koma, ya ce keke bai taɓa mayar da shi gida a ƙasa ba. Ya zauna, ya ciro ƙusa daga aljihu, ya sa dutse ya fitar da gaɓar da ta karye. Can ƙusar ta suɓuce ta faɗi gabansa, tana ƙyalli a rana. Sai na ga yana lalube ƙasa da tafin hannu. Ashe Baba ba ya gani sai dishi-dishi, hanyar nan haddace ta ya yi. Haka ya haɗa sarƙar da yatsu, ya juya feda yana saurare har ƙarar ta yi masa daidai. Ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni haka ba.

Da muka sauko titi, shi da kansa ya miƙo mini kekensa. Ya ce ya daɗe da sanin lokaci ya yi, so yake ya hau dutsen sau ɗaya tare da ɗansa ko 'yarsa. Yanzu ni ke kai shi gona a bayan keken, yana faɗa mini inda ramuka suke.

Ka gaida Anti Dorcas da su Tagwai. Mama da Hannatu suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Eunice