Keken Yayanka a Cikin Kwali

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar taku? Mu nan sai godiyar Allah. Yayanka yana gaishe ka, yara ma suna gaida Baba Ƙarami.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san muryata ba ta tashi a waya, kai kuma kullum a tsaye kake, kafin in gama tambayar iyali ka ce ana nemanka a ofis. Shi ya sa na rubuta, babbar 'yarmu za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. In ka ga baƙaƙen sun karkace ka yi haƙuri, hannun allo ne, boko daga baya ya same ni.

Tun ranar da ka ce wa Yayanka ya zo ƙasarku ku yi tafiyar keke ta bakin teku da abokanka, gidan nan bai zauna ba. Mutumin da ya yi furfura a rumfa ɗaya yana gyaran kekunan mutane, bai taɓa ganin teku ba sai a jikin kalanda, ka ce masa haka. Yanzu daga sallar asuba sai ya hau kekensa ya miƙi hanyar bayan gari, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga, gumi sharkaf. Tumbin ya tafi, har na rage masa ƙugun wanduna. Ya je wurin liman ya tambayi hukuncin alwala da ruwan teku, da yadda zai yi ƙasaru tunda gari-gari za ku riƙa kwana. Mai shayin bakin titi ya sa masa suna Direban Teku. Duk wanda ya kawo faci sai ya sha labari: daga arewa za ku faro ku gangara kudu, teku a hannun dama, iska a bayanku, don kada ku yi kokawa da ita.

Biza ta fito, alhamdu lillahi. Tamfol ɗin da ka aiko ya iso, na fara ɗinka jakunkunan da ake ratayawa a bayan keke, na ninka bakin zif saboda ruwa.

Sai dai ina da tambaya, ka gafarce ni. Ka ce in ɗinka na mutum huɗu. Ni kuma da na ƙirga, kai da abokanka uku da Yayanka, biyar na samu. Wataƙila hannunka ne ya zame. Sannan ka ce kada ya taho da kekensa, wai jirgi babban kaya ɗaya yake ɗaukar wa mutum, gara ya zama akwatin kayan gyara, za ka yi masa hayar keke a can. To shi ya ce masu ba da haya tsawon ƙafa suke fara tambaya. Kai awon riga kaɗai ka nema. Na dai auna ƙafar na rubuta a bayan takarda, ko da ba ka tambaya ba.

Ka gaida mai ɗakinka. Allah ya bar zumunci.

Matar Yayanka

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. An ce ƙaramarku ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya.

Na ji saƙon muryarka. "Matar Yaya, ki kwantar da hankalinki, an shirya komai." Har da dariya. Na saurara na sake saurara ko amsar tawa ta maƙale a wani wuri, ban same ta ba. Ni ba hankalina na ce ya tashi ba. Jaka na tambaya.

Jiya kuma ka kira Yayanka ka tambaye shi ko lasisinsa na tuƙi yana nan da ransa, na zamanin da ya ja motar ɗaukar kaya. Ya zo da murnarsa yana gaya mini wai akwai mota da za ta riƙa bin ku a baya da ruwa da kayan sawa, in wani ya gaji ya shiga. Ya kwashe ƙarƙashin gado kaf yana neman lasisin. Na riƙe masa fitila.

Auta, an koya mana tun muna tsugunne gaban malam cewa mummunan zato abin gudu ne, kuma wallahi ina gudunsa. Ina ɗinki ina istigfari. Amma kai ma ka taimake ni. Wanda zai hau keke me zai yi da lasisin mota? Kayan gyaran da ka lissafa masa a waya, ni da nake share rumfar nan na san ba na keke ɗaya ba ne. Kuma da 'yarka ta nan gida, babbar tamu, ta tambaye ka masauki don ta san inda za ta riƙa samun babanta, ka ce mata gado huɗu aka kama a kowane gari, shi za a san yadda za a yi da shi. Yayanka ne za a san yadda za a yi da shi?

Ba zan yi maka gori ba, gori yana cinye lada, ni kuma ladana ba yawa gare shi ba. Ba zan tuna maka wanda ya riƙa ɗora ka a ƙarfen gaban keke yana kai ka makaranta ba, da tsumma a naɗe don kada ya ji maka ciwo. Ni na naɗa tsumman, ina amarya. Na dai ce ba zan tuna maka ba.

Jakunkunan uku sun kammala. Ka ba ni amsa a rubuce, muryarka tana da santsi.

Wassalam.

Matar Yayanka

*

Auta,

Sallama haƙƙin musulmi ce, don haka assalamu alaikum. Ina fatan yara suna lafiya, su ba ruwansu.

Rigar da ka aiko ta iso. Ruwan lemo, mai ɗaukar ido, da layi mai walƙiya a ƙirji. Yayanka ko jira in rage mata hannu bai yi ba, ya zura ya fita rumfa. Ya wuni da ita. Ya je shagon mai aski da ita, ya tsaya wurin mai shayi yana juya baya don a ga rubutun, yana cewa rigar ƙungiya ce ƙanensa ya aiko. Ba mai karanta harshenku a layinmu, kowa sai ma sha Allah.

Da yamma 'yarka ta dawo daga kwaleji, ta hango bayan babanta tun daga bakin titi. Ta shigo ko gaisuwa babu, ta faɗa ɗaki ta ƙi abinci. Sai da na zauna a bakin katifa na haɗa ta da Allah sannan ta gaya mini abin da aka rubuta: makanike kuma direban tawaga.

Sauran ka sani, tunda ni na kira ka, ni da ba na kira. Amma zan rubuta abin da ka faɗa, don ka gani da idonka, wataƙila kunnenka bai ji bakinka ba. Ka ce mutanen nan ba abokai ba ne kawai, ɗaya ogan ofishinku ne. Ka ce kuna neman mai bin ku da mota yana gyara abin da ya lalace, sai ka ce musu ka san wani mutum a gida mai hannu da kyau. Wani mutum. Na ce ka gaya musu uwarku ɗaya ubanku ɗaya? Ka ce ba a kai ga wannan zancen ba. Ka ce shekarunsa sun ja, hanyar akwai hawa. Ka ce ai ta gilashin mota ma ana ganin teku, har ya fi daɗi.

Da ka ce masa tun farko, Yaya, zo ka taimake ni da aiki, wallahi da ya zo da gudu, ya tuƙa motar, ya wanke muku kekunan yana waƙa. Bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba, da ita aka yi kai. Kai ne ka ji kunyarta a madadinsa. Ka bar dattijo yana tashi da asuba yana hawan tudu, gwiwarsa tana kumbura ina gasa masa da ruwan zafi, kana can kana kama gado huɗu.

Sannan ka roƙe ni in rufa maka asiri har ya sauka, wai in ya zo zai gane da kansa. Auta, ka san da wa kake magana? Ni ko canjin cefane ban taɓa ɓoye wa mutumin nan ba. Kwana biyun nan da nake kallonsa da rigar nan ina shiru, ji nake kamar na ci amana.

Na ba ka zuwa Juma'a. Ka kira shi ka faɗa da bakinka, shi ya fi maka mutunci. In ba ka yi ba ni zan yi, kuma ba zan ƙara ko kalma a kan abin da ka faɗa ba. Ba sai na ƙara ba.

Matar Yayanka

*

Zuwa ga ƙanen mijina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, fiye da yadda na zata.

Juma'a ta zo ta wuce, wayarsa tana aljihu, ko ta yi ƙara sai ya duba da sauri ya ga mai kawo taya ne. Don haka bayan la'asar na same shi a rumfa. Rabona da zama a bencin nan da rana har na manta. Yana faci. Na faɗa masa komai a hankali, yadda ka faɗa. Bai ɗago ba. Ya gama shafa gam, ya manna, ya hura iska, ya tsoma robar a kwanon ruwa yana juyawa yana neman kumfa. Tambaya ɗaya ya yi, wai ka ce musu shi wane ne. Na ce wani mutum a gida. Ya ce to. Ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya ci gaba da aiki da singileti.

Washegari ban ji fitar keke da asuba ba. Na ce shi ke nan, Auta ya kashe masa abin. Ina kan sallaya na yi kukan da ban yi a gabansa ba, kuma na yi ta kama harshena don kada ya ambace ka a inda ake amsa addu'a. Ka gode wa Allah da malamin da ya karantar da ni.

Da na fito sai na same shi a tsakar gida ya kwantar da keken. Ya cire feda, ya sauke sirdi, ya juya kan ya ɗaure shi a jikin ƙarfe, ya sace iskar tayoyin. Ya karɓo kwalin firiji wurin mai kayan lantarki ya yanke shi daidai. Na ce Malam, ina zuwa? Ya ce ba an ce jirgi babban kaya ɗaya yake ɗauka ba? To ga shi. Shi da mai shayi suka kai kwalin kan sikelin mai sayar da gas, bai haura abin da jirgi ya yarda ba, har da ɗan sarari.

Saboda haka ga yadda shirin yake yanzu, tunda kai mai son shiri ne.

Akwatin kayan gyara yana ƙarƙashin gadona. Abin da ya ɗauka sifana ɗaya ce da famfo da faci, na keke ɗaya. Lasisin yana cikin durowar keken ɗinkina, ya ce in ajiye. Wanda zai ja muku mota sai ku nema, ko ogan naka ya gwada.

Jakunkunanku huɗu suna cikin kwalin. Kada ka ji tsoro, ban rage musu ko zare ɗaya ba, aikin amana ne, ruwa ba zai shiga ba. Ta biyar kuma na ɗinka. Tamfol ɗinka bai kai ba, sai Yayanka ya sauke na rufin rumfa, shuɗin nan da rana ta cinye, wanda ka sha zama a ƙarƙashinsa kana cin gyaɗa. Jakar ba za ta yi kama da naku ba, daga nesa za a gane ta. Rigarka ma tana ciki. Da ita ya naɗe sarƙa don kada baƙin mai ya ɓata jakunkunan.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Mutum ne da bai san harshen ƙasar ba, bai san inda zai kwana ba, gwiwarsa kuma ni na san ta. Na roƙe shi ya haƙura. Ya ce ya riga ya gaya wa duk layin nan zai taka keke a bakin teku, kuma shi bai saba faɗin abin da ba haka ba. Na ce in Auta bai zo filin jirgi ba fa? Ya yi dariya, ta farko tun ranar. Ya ce sai ya haɗa kekensa a bakin ƙofa, ya tambayi ina teku, ya sa shi a hannun dama.

Jirginsa yana nan ranar da ka sa. Ka ce da abokan naka za ka je tarbar makanike. To ku je. Za ka ga dattijo da farar hula yana jan kwalin firiji, kuma ka san shi, ba ya iya magana ƙasa-ƙasa kamar ni. Tun daga nesa zai ɗaga hannu ya ce Autan Inna, a gaban kowa.

Abin da za ka kira shi kai kuma, wannan ban ɗinka maka ba.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ka tabbata ya shafa maganin gwiwa, yana aljihun shuɗiyar jaka.

Wassalam.

Matar Yayanka