Robar da Aka Bari a Cikin Baban Nasiba

Tasawa, farkon damina

Yayana Muniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunta, da fatan kana lahiya, kai da Sa'adatu da yara. Yaya ruwa nan Maireyrey? Mu nan jiki lau, hankali ne babu. Na ba Sufyan direba wannan takarda don na kira ka har na gaji, rezon waya ya ƙi.

Ka san ciwon ƙodar da ya daɗe yana cin maigidana, baban Nasiba, da yadda muka kai shi Maradi lokacin da baƙin likitoci suka zo da na'urarsu. Ba su yanka shi ba. 'Yar huda suka yi mashi a kwiɓi, ba ta kai ƙwayar gujiya ba, suka farfasa tsakuwar ta nan suka fiddo ta. Wannan na fita wancan na shiga, washegari aka sallame mu don a ba wani gadon. Na yi ta sa masu albarka.

Ashe da sauran magana. Jiya wata infirmiya, mai jinya a asibitin, ta kira ni tana faɗa, wai mi ya hana shi dawowa a cire robar? Na ce wace roba? Ta ce wata siririya ce suka bari tsakanin ƙoda da mafitsara don fitsari ya samu hanya, kuma in ta daɗe tsakuwa takan kama ta, hanya ta toshe, ƙodar ta ruɓe. Wai ai sun gaya mashi. Sun gaya mashi a tsaye, rabi Faransanci rabi Hausa, shi ko ka san shi da fillako, kunyar nan ta Fulani, ko bai gane ba "to" zai ce, ba zai sa a maimaita mashi magana ba.

Kuma ba ya gida. Da baffanninshi suka zo dubiya suka ce a nuna masu ɗinkin, ya ɗaga riga, suka kwashe da dariya, wai cizon kaska ya fi wannan. Kunya ta kama shi, mutum kwance babu rauni. Ruwan farko na sauka ya kora shanu arewa don kar su shiga gonakin mutane. An ce an gan shi bayan garin Cake.

Don girman Allah ka nemo mani shi. Ina jin tsoro, Yaya.

Ƙanwarka,
Zara'u

Tasawa, tsakiyar damina

Yaya Muniru,

Bayan gaisuwa da tambayar lahiyar iyali, takardarka ta iso, na karanta, raina ya ɓaci. Ni kai na aika, kai kuma ka aika wani mai moto. To mi kake tsammani? Baban Nasiba ya ba ɗan aiken nono ya sha, ya ce a gaya mani lahiyarshi lau, sai kaka in shanu sun gangaro cin kara. Amma da bakinka ka sa aka rubuta cewa mutumin ya gan shi yana rawar ɗari da rana tsaka, yana tafiya dafe da kwiɓi, fitsarinshi ja. Wannan ce lahiyar?

Na san abin da ya riƙe shi. Rabin garken nan amanar mutane ce, ba zai bar ta hannun wanda bai yarda da shi ba ko da zai faɗi a bayanta. Infirmiyar ta ce baƙin likitocin za su sake leƙowa kafin a yanke hatsi, su cire robar ba yanka, daga nan su naɗe kayansu. Ta ce in an wuce nan ba ta san abin da za ta ce mani ba.

Ka rufe rumfarka ka tafi da ƙafarka. Kai ma a bayan shanu ka tashi, ka karɓi sandar a hannunshi. Kai surukinshi ne, ba zai iya kallon idonka ya ce a'a ba. Na san babban abu na roƙa, ga kasuwa ga gonarka, amma ba ni da kowa sai kai. Nasiba ta daina tambayata ranar da zai dawo, kallona kawai take yi.

Ki gafarce ni in na yi zafi, Sa'adatu, na san ke za ki karanta mashi. A gaida yara.

Taku,
Zara'u

Maradi, gab da kaka

Yayana,

Ina gaishe ka da daji, da sauro, da shanun da ba naka ba. Allah Ya saka maka da alheri. Amalanken da ka ɗora shi ya kawo shi bakin hanya, Sufyan ya ƙaraso da shi. Ban gane shi ba sai da ya yi magana.

Mun makara. Baƙin sun tafi da na'urarsu. Likitan nan ya duba ya ce tsakuwa ta lulluɓe robar, ƙodar hagu ta cika da mugunya, ba ta da sauran amfani. Gobe in Allah Ya kai mu za su fidda ta gaba ɗaya, ya rayu da guda, in zazzaɓin ya bari. Wannan karon na tsaya a wurin, na sa an maimaita kowace kalma da Hausa har likitan ya gaji da ni.

Da ya gama sai ya sassauta murya yana ba ni haƙuri, wai yanka ne na dā, dogo, daga kwiɓi har kusan cibiya, kuma zai daɗe kwance. Ban san sa'adda bakina ya ce, "Likita, ka yi shi yadda kowa zai gani" ba. Ya dube ni kamar na zautu. Wallahi ban zautu ba, Yaya. In dai ya farka, ina son baffanninshi su ɗaga rigar su yi shiru.

Ka riƙe shanun. Ka sa a yi mashi addu'a nan rugar, ni bakina ya bushe.

Ƙanwarka,
Zara'u