Tamfol ɗin da Baba ya adana

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Banga lafiya lau, sai ɓacin rai.

Tamfol ɗin da ka aiko tun shekarar da anka ba mu jiha, Baba bai taɓa bari an buɗe shi ba. Ninke shi ya yi, ya danne da dutsen niƙa, wai tattali. Shekaranjiya hadari ya taso, dammunan gero na waje. Munka ɗauko shi, munka ja da ƙarfi, sai ya tsage kan kowane ninki. Geron ya sha ruwa.

Wani malamin makaranta a Ƙaura ya ce roba kamar zare take a ciki, in ta daɗe a ninke ƙarƙashin nauyi, ja ɗaya take tsinkewa. Na faɗa wa Baba, ya ce kai ne ka sayo mai araha.

Ka taya mu addu'a geron ya bushe kafin ya fara tsiro. Ka gai da Kawu Isa. In za ka aiko wani tamfol ɗin, don Allah a ba ni hannu da hannu. Guntayen ma Baba ya sake ninkewa ya danne da dutsen.

Ƙanenka,
Bello