Irin Yakuwar da Kika Bari

Catford, London
Juma'ar ƙarshen watan Mayu

Zuwa ga Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci. Na san babu wanda zai kai miki wannan takarda, kuma na san addu'a ce kaɗai ke isa inda kike. Addu'ar ina yi, ba na fashi. Amma akwai maganar da ba ta addu'a ba, maganar gida ce kawai, irin wadda nake kawo miki idan na dawo daga aiki kina tsaye a kicin, kuma tun Janairu ban sami inda zan sauke ta ba. Na gwada zuba ta a littafin da nake rubuta abubuwan yini, wanda kika sha yi mini dariya a kansa. Sai na ga littafin ya saba da an yi ruwa, bas ya makara, an sayi kananzir. Bai iya ɗaukar wannan ba.

Bari in fara da labarin gari, tunda shi ya fi sauƙi. Sanyi ya ja da baya. Na kashe hitar kananzir na tura ta ƙarƙashin matakala, warinta ma ya fara barin labule. Madarar da ake ajiye mana a bakin ƙofa ta daina daskarewa. Itacen nan na ƙofar maƙwabta ya yi furensa ya zubar, har sai da na share mana dakali. Yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, ina yin magariba yara suna wasa a titi. Ranar Lahadi na shanya zannuwan gado a bayan gida, kafin la'asar sun bushe, na kwaso su da ɗuminsu. Na daɗe rungume da su kafin in ninke. Ban san dalili ba.

Turawa sun fara halinsu, suna kwanciya a ciyawar fili ba riga, kamar an shanya su. Motar askirim ta dawo da kiɗanta, kuma 'yarmu Safiya ta fara leƙen taga idan ta ji ta, ko da yake tana cewa ta girmi wannan. Ta ƙara tsawo, kwat ɗin da kika saya mata bara ya ɗage mata a hannu.

Ke ce mai lura da waɗannan abubuwa. Ke ce kike tare ni a ƙofa ki ce Malam, ka ga yau har shida ta yi da sauran haske? Ni kuwa in ce to, in wuce. Bana kowane ɗaya na gani da idona, kuma kowanne sai ya soke ni. Me ya sa ciwon bai bari kin kai nan ba? Watanni kaɗan ne fa. Na san tambayar ba ta dace ba, na yi istigfari, amma ga shi na rubuta ta kuma ba zan soke ba. Ranar da muka kai ki, ƙasar laka ce, ruwa ya kwanta a cikin ramin, hannuwan mutane sun ƙage saboda sanyi. Makon jiya na je, ciyawa ta rufe wurin, har da wasu ƙananan furanni farare da ba wanda ya shuka. Na rasa ko in ji daɗi ko in ji haushi.

Wurin aiki a Old Kent Road ba hutu. Kuɗin man fetur ya buɗe a gida, mutanenmu suna ta zuwa sayayya, mu kuma muna ɗaure musu akwatuna muna rubuta lamba: firji, talabijin, kujeru, har da fitilun rufi masu lu'ulu'u. Kowa ya ji ni ina Hausa sai ya tambaye ni me nake jira a nan, gida ya yi kyau. Ina cewa makarantar yarinya. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan hau jirgi in bar ki a wannan laka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna fegin noman da hukumar unguwa ta ba mu a bakin layin dogo, wanda kika yi shekaru kina jira, aka ba mu shi ana shiga sanyi? Lokacin na ce miki wahala ce kawai. Ban taɓa gaya miki ba, amma a makon da aka ba mu shi na sayi shebur na ɓoye a wurin aiki, ina jiran ranar da za mu fara in fito da shi ki yi mamaki. Ni ma na ƙagu, Rakiya. Ban iya nunawa ba ne.

Kuma kin tuna ƙullin irin yakuwa da kika zo da shi daga gida, shekarar da kika je rasuwar Inna, mahaifiyarki. Kin ce daga bayan ɗakinta kika tsinko shi, jar yakuwar nan tata da ba ta taɓa sayen irinta a kasuwa ba, daga hannun tata uwar ta gada. Kin san kuma daga baya sabon titi ya bi ta kan gidan, babu bayan ɗakin, babu ɗakin. Abin da ya rage na wannan yakuwa a duniya shi ne wanda ke cikin ƙyallenki.

A watan Maris aka yi wani ruwa mai kyau, irin mai sauka a hankali yini guda. Washegari na je fegin na tura yatsa a ƙasa kamar yadda Baba ya koya mini, na ji laima ta shiga sosai. Zuciyata ta ce ruwan shuka ke nan. Na ja kunya, na sassara, na zuba fiye da rabin irin, na take da diddige. Akwai wata tsohuwa mutuniyar Jamaika mai fegi kusa da namu, Misis Bailey, ta tsaya tana kallona, ta ce mini ya yi wuri, ƙasar ba ta farka ba tukuna. Na gode mata da ladabi na ci gaba da aikina. A raina na ce ni ɗan manomi ne jikan manomi, wa zai koya mini lokacin shuka ga ruwa a ƙasa? Ban tsaya na yi tunanin cewa mu a gida ruwa muke jira domin zafi yana nan kullum ba. A nan ruwa ne yake nan kullum, zafi ake jira.

Na yi ta zuwa ina dubawa, kafin aiki da bayan aiki. Babu ko tsiro ɗaya. Da na gaji na tona, na tarar da su sun kumbura sun yi baƙi, ina taɓawa suna narkewa a yatsana. Na zauna a kan bokiti na daɗe. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba, kin san halina. A wurin na yi.

Daga nan na yanke shawara ba zan ƙara taɓa sauran ba. Bai kai cikin tafin hannu ba. Wani abokin aikina zai tafi gida a watan Yuni, na shirya in ba shi ya kai wa ƙanwarki Talatu ta shuka a damina, inda ƙasa ta san shi. Na mayar da ƙullin cikin kwallarki na rufe. Na ɗauka wannan karon na yi daidai.

Wata ranar Talata na dawo na tarar da tagar kicin cike da kwalayen ƙwai da kofunan yogot, kowanne da ƙasa a ciki, an jera su tsaf. Ƙyallenki yana kan tebur, an wanke shi an ninke. Safiya ta shuka su duka, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. A makaranta aka koya musu tsirar da wake a taga, shi ne ta ce a cikin ɗumin gida ake farawa. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun rasuwarki. Ta tsaya tana kallona da idanunki, ta amsa mini da Turancin nan nata cewa Mama ba ta ɗauko su tun daga can don a mayar da su ba. Da kina nan, wa za ki ba gaskiya?

Sun fito, Rakiya. Ba duka ba, amma da yawa. Da farko wani ɗan lanƙwasasshen abu kamar ƙugiya, sai ganye biyu, sai karan ya fara ja. Wallahi jan nan na Inna ne sak. Kullum da safe kafin in fita ina juya kofunan, domin suna karkata wajen gilashi suna neman rana. Safiya tana auna su da rularta. Ran nan da ba ta nan na tsinki ɗan ganye ɗaya na tauna, tsamin ya kama mini muƙamuƙi, sai ga ni a tsakar gidanku ranar da na fara zuwa gaida iyayenki. Tun Janairu ban ji wani abu mai kama da daɗi ba sai ranar. Na soma jiran gari ya waye.

Da suka yi ƙwari na gayyato Misis Bailey ta gani, in kuma ba ta haƙuri. Tana shiga kicin ta dafe ƙirji. Ashe su ma suna da ita a ƙasarsu, suna jiƙa zoɓonta da citta lokacin Kirsimeti. Ta shafa ganyen tana dariya, ta yaba wa Safiya, ta ce hannunta yana da albarka. Sai da na raka ta bakin ƙofa ta rage murya ta gaya mini sauran. Ta ce ganye kam za mu samu, har mu gaji. Amma wannan shuka ba ta fure sai yini ya gajarta, kuma a garin nan kafin yini ya gajarta sanyi ya riga ya iso ya kashe ta. Ta ce ita ma ta gwada shekara da shekaru da irin da 'yar'uwarta ke aiko mata, ba ta taɓa ganin ƙwaya ɗaya ba, har ta haƙura.

Na so in ce ta yi kuskure. Amma na riga na ƙi jin maganarta sau ɗaya. Kuma da na zauna na tuna, ai a gida ma haka ne, sai damina ta ɗauke an kai gero rumbu sannan zoɓo ke nuna. Na tashi ina ganin haka, ban taɓa tambayar dalili ba. Wannan dogon hasken da nake ba ki labarinsa, wanda kowa a titi yake murna da shi, shi ne zai hana ta haihuwa. Abin da ke kan tagarmu shi ne na ƙarshe.

Na yi kwanaki ina ɗauke da maganar. Safiya ta wanke kwalbar jam ta liƙa mata takarda, ta ce a ciki za ta tara sabon iri, rabi namu rabi na Inna Talatu. Kullum sai in ce yau zan faɗa mata, in ga tana ba su ruwa da cokali, in fasa. Wani lokaci in ce in bar ta ta ci lokacin zafinta cikin murna, Oktoba ta gaya mata da kanta. Wani lokaci in ce an riga an yi mata haka sau ɗaya, lokacin da muke ce mata kina samun sauƙi. Ke kin fi ni sanin yadda ake gaya wa yaro magana. Ni sai in yi ta lissafi har lokaci ya wuce.

Yau bayan ta taso makaranta muka je fegin gyara kunya, domin gobe Asabar za mu yi dashe, an ce sanyin safe ya wuce ke nan. Muna cikin aiki na gaya mata, yadda aka gaya mini, ban rage ba. Na ce ba laifinta ba ne, ni na fara ɓarnatar da mafi yawa. Ta ci gaba da fasa ɓurɓushin ƙasa da hannu har muka gama, muka taho gida. Ta hau sama ta rufe ƙofa. Na ji kukanta ta cikin silin, na tsaya a gindin matakala, ban san ko in hau ba. Ban hau ba. Wataƙila nan ma na yi kuskure.

Can ta sauko, fuska a wanke. Ta ɗauke kwalbar daga taga ta mayar cikin kabad. Sannan ta zauna gabana ta yi mini magana da Hausa, Hausar nan tata mai tuntuɓe da ta daina yi tun tana ƙarama. Ta ce tunda ganye ne kawai za a samu, to ranar da muka fara tsinka tana so ta dafa faten tsaki irin naki, ita da kanta, kada a kira kowa ya taya ta. Ta ce in gaya mata yadda kike yi.

Rakiya, shekara goma sha biyar ina cin faten nan. Na san ƙanshinsa tun daga bakin titi, na san kwanon da kike zuba mini. Ban taɓa tsayawa na ga yadda kike haɗa shi ba. Na ce mata zan tuna. Ga ni zaune tun ɗazu, har yanzu da sauran haske a waje, ina ta ƙoƙari. Gyaɗar ce take fara shiga ko tsakin? Yakuwar fa, ana zuba ta tun ruwa yana tafasa, ko sai an kusa saukewa? Wani abu kike yi da ke rage mata tsami, na sha ganin hannunki yana kai wa wani ɗan gwangwani, ban taɓa tambayar mene ne a ciki ba. Akwai matan da zan iya tambaya, za su gaya mini nasu. Naki take so, kuma ganyen na shekara ɗaya ne.

Gobe da safe za mu ɗauke su a cikin kwali mu kai su fegi. Zan gaya mata gaskiya a hanya, cewa ban sani ba, sai dai ta dafa in ɗanɗana, in ce mata ya yi ko bai yi ba, har mu dace ko ganyen ya ƙare.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Inna a inuwa mai sanyi. Ki huta lafiya.

Ni ne mijinki,
Garba, baban Safiya